Labarin Kaduna, Garin Gwamna

Ya ku ma'aikatan En'e, ga labarin garin da muka daɗe muna bi.

Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar nan, a Zungeru Gwamna Lugga ya zauna. Zafi da sauro suka dame su, sai ya nemi wuri mai ruwa, kusa da hanyar jirgin ƙasa, wanda ba birnin wani sarki ba ne. Ya samu a bakin kogin Kaduna, aka ƙaura can cikin 1917. Tun daga nan, umurnin da ya iso Daura, har ya gangaro Mai'aduwa, asalinsa daga can yake. Cikin 1957 aka buɗe masaƙa, talakawa suka yi ta kwarara neman aiki. Ko da aka raba Jihar Arewa cikin 1967, mu ba mu rabu da Kaduna ba sai 1987, da aka yanke Jihar Katsina.

Yau manyan masaƙun nan sun rufe. Abin tausayi kuwa, tun rikicin shekarar 2000 kogin ya zama iyaka, galibin Musulmi suna zaune arewa da shi, Kirista kuwa sun koma kudu.