Uwargida, Me Aka Rubuta a Jikin Tasarki?

 Gaisuwa ta musamman ga matan Challawa, Panshekara da Sharaɗa, waɗanda masu gida suka fita aikin kamfani suka bar ku da hidimar gida. Allah ya ba da ladan aure.

Yau hirarmu a kan kayan jere ce. Uwargida, in kin samu sarari ki sauko da tsohuwar tasar nan ta tagulla da kika gada wajen kaka, ko farantin da Hajiya ta kawo tsarabar Makka, ki duba bakinsa da kyau. Wannan zanen da ya zagaye shi kamar reshen kabewa, sau da yawa rubutu ne na Larabci, ba ado kawai ba.

Sana'ar tsohuwa ce. Tun wajen shekaru 800 da suka wuce maƙeran birnin Mosul a ƙasar Iraƙi suka yi suna a kanta, daga baya na Alƙahira da Dimashƙa suka karɓa. Maƙeri zai sassaƙa harafi a jikin tagulla da ɗan kurfi, ya kwantar da zaren azurfa a ciki, ya bi da guduma a hankali har ya zauna. In haruffan na tsaye ne masu kusurwa, Kufi ke nan. In dogaye ne masu lanƙwasa, ana ce masa Sulusi. Galibin abin da suke rubutawa a kayan amfanin gida addu'a ce ga mai kayan: ɗaukaka, albarka, lafiya, tsawon rai. Akwai kuma wasu 'yan kwanoni da ake cika cikinsu da ayoyi, a zuba ruwa mara lafiya ya sha, kamar dai rubutun sha da muka sani a nan.

Kada ki ce abin na nesa ne. A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Katsina, da aka tona tsofaffin kaburbura a 1992, an samu kwanon ƙarfe da ya fito daga Gabas ta Tsakiya, wanda ya ƙetaro Sahara ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Sannan ki tambayi tsofaffi labarin anini da kobo mai huji na zamanin Turawa: gefe ɗaya da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin, ɗaya gefen da tauraro mai tsini shida, wanda malamai ke kira hatimin Annabi Sulaimanu.

To, yau zamani ya canja. Inji ke buga kwano da faranti dubu a wuni, har da sarƙa da zobe masu sunan Allah, a farashi mai sauƙi. A nan ne nake so mu yi hattara.

Na farko, ki san abin da ke rubuce. In ba ki iya karanta shi ba, ba abin kunya ba ne, don irin wannan rubutu ko mai karatu sai ya nutsu. Ki ba maigida, ko ki aika wa malamar Islamiyya. In addu'ar alheri ce kawai, ki yi amfani da kayanki. In aya ce ko sunan Allah, to wurinsa bango ko saman kabad. Ba a zuba masa tuwo, ba a jefa shi cikin wanke-wanke, ba a ajiye shi ƙasa yara su taka. Sarƙa mai Ayatul Kursiyyu kuwa, ki koya wa 'yarki ta cire kafin ta shiga bayi.

Na biyu, wanki. Lemon tsami da toka mai laushi sun isa, ki ɗauraye ki goge ya bushe. Yashi da soson ƙarfe suna cinye rubutun. Kuma kada ki bar abu mai tsami ya kwana cikin tagulla, koren tsatsar nan da take yi tana cutarwa.

Na uku, 'yan gwangwan. Na san yau da gobe sai Allah, amma shi mai saye nauyi yake awo, ba ya karatu, ƙarshenta kuma a narkar. In dole ta sa, ki fara tayar wa dangi. Tasar da kaka ta riƙe shekara hamsin, ki yi ƙoƙari ta kai ɗakin 'yarki.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.