Ruwa Bai San Iyakar Ƙaramar Hukuma Ba: Jawabi A Taron Ƙungiya Na Sabo, Ibadan

 

Jama'a, mu 'yan kasuwa ba sai rediyo ya gaya mana an yi fari ko ambaliya a Arewa ba. A Bodija da Shasha muke gani. Motocin tattasai da albasa su ragu, buhun wake ya tashi, sannan samari su yi ta sauka ci-rani tun kaka ba ta yi ba. To, shi ya sa muka ga ya dace yau mu yi magana kan kogin Haɗeja, domin da yawanmu daga bakinsa muka fito.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duk a jihar Kano. Kafin nan kogi yakan cika da damina, ya malala fadama, ya janye da rani, manomi ya shuka, makiyayi ya yi kiwo, masunci ya yi su. Da aka koma sakin ruwa rani da damina, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa da gero. Yanzu ruwa yakan kwanta a gonakin Auyo, Kirikasamma, Guri har Nguru, alhali mutanen Gashuwa da Gaidam suna kukan bai ishe su ba. Kogi ɗaya, wani na nutsewa, wani na ƙishi. Ambaliyar 2022 kuwa, babu wanda ya manta ɓarnar da ta yi a Jigawa.

Ina matsalar take? Kowane ciyaman iyakarsa kawai yake kallo. Wannan ya tara matasa su yi jinga da buhunan ƙasa, sai ruwan ya juya ya faɗa wa garin da ke gaba. Wancan ya sa a yanke kacalla a yankinsa, maƙwabcinsa bai yanke ba, aiki ya tashi a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma ba a ce babu tsari ba. Tun 1999 aka kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, kuma tsarin ya tanadi kowace ƙaramar hukuma ta samu nata kwamitin. Kowace shekara hukumomin tarayya kan fitar da hasashen damina da sunayen ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka muna da hurumin tambaya.

Ga abin da muke ba da shawara. Ƙungiyoyin garuruwanmu da ke nan Sabo su daina rubuta takarda kowa shi kaɗai. 'Yan Auyo, Haɗeja, Guri da Nguru su rubuta guda ɗaya, su nemi ciyamominsu su zauna tare da hakimai, sarakunan ruwa, arɗo-arɗo da hukumar kogin Haɗeja-Jama'are kafin ruwan fari ya sauka. A tsayar da lokacin yanke kacalla tare, a san wanda zai sanar da dagatai idan za a saki ruwa daga Tiga, a san tudun da za a kai mata da yara. Gudunmawar da muke tarawa bayan ɓarna, mu ware wani abu a ciki don aikin rani, tunda rigakafi ya fi magani.

A nan ma kada mu manta da Ogunpa, wanda ya ci rayuka a 1980, ambaliya ta sake afka wa garin nan a 2011. Ibadan ƙananan hukumomi 11 ce, kuma sharar da aka zuba a kwatar Sabo ƙofar wani take toshewa. Ranar gyaran kwata mu fito da maƙwabtanmu Yarbawa, kada a ce Hausawa ne suka noƙe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare garuruwanmu na can da na nan.