GIGIN TSUFA CIWO NE, BA MAITA BA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maudu'inmu a yau shi ne lafiyar hankalin tsofaffin da ke cikin gidajenmu. Da yawa daga cikinmu muna da tsohuwar da ta ci tuwo yanzu, an jima kaɗan ta rantse ba a ba ta ba. Ko dattijon da ya fita masallacin da ya shekara arba'in yana salla a ciki, amma ya kasa gane hanyar gida. Sai wasu su ce fitina ce, wasu su ce aljanu, wasu kuma, wal'iyazu billahi, su ce maita. A shekarar 2020, a garin Kafaba na arewacin Gana, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu, a kan zargin maita. Wannan shi ne ƙarshen jahilci.

Alhali Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya nuna akan mayar da wani zuwa mafi raunin shekaru har saninsa ya gushe. Likitoci kuwa sun tabbatar ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi sun haura miliyan 55 a shekarar 2021.

Ya kamata mu bambance abubuwa uku. Na farko, gigin tsufa, mai zuwa sannu a hankali cikin watanni da shekaru. Ba a sami maganin warkar da shi ba tukuna, amma akwai kulawar da ke sauƙaƙa shi. Na biyu, ciwon damuwa: tsoho ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya guji mutane, musamman bayan rasuwar abokin zama. Wannan yana jin magani, kuma ba raunin imani ba ne. Na uku, ruɗewar farat ɗaya, cikin yini ɗaya ko biyu, wadda zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko wani magani kan haddasa. Wannan a garzaya da shi asibiti nan take. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau. Addu'a ba ta hana zuwa wurin likita.

Ta fuskar shari'a, malamai sun tafi a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami: babu salla ko azumi a kansa, kyautarsa da cinikinsa ba su zartuwa. Don haka mai kai wa irin wannan uba takardar gona ya dangwala yatsa, ya sani haƙƙin 'yan'uwansa yake ci.

Ya 'yan'uwa, kada mu mayar da su ɗakin baya. A zauna da su, a ci abinci tare, a duba jinsu da ganinsu. In ta tambaye ka sau goma, ka amsa sau goma; kai ma ta amsa maka fiye da haka kana yaro. Kada kuma a bar ɗawainiyar ga matar ɗa ita kaɗai. Umarnin Suratul Isra'i na kyautata wa iyaye ɗan aka fara fuskanta da shi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya kyautata namu tsufan. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.