Ina Yaranmu Za Su Yi Wasa?

Jawabin sakatariya a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a garin Bauchi

Uwar ƙungiya, iyayenmu da ke zaune a gaba, 'yan'uwana mambobi, da mazajenmu da suka daure suka bar kasuwa da ofis suka zo, barkanmu da ganin wannan rana.

Ma'aji ta riga ta karanta mana lissafin shekara, kowa ta ji abin da ya shigo da abin da ya fita. Ni abin da aka ɗora mini daban ne. Kwamiti ya ce in yi bayanin shawarar da za mu kaɗa wa ƙuri'a bayan an ci abinci, wato a ware wani kaso daga ribar bana mu nemi fili ɗaya a cikin unguwa, mu kewaye shi, mu dasa itatuwa, ya zama wurin shan iska da wasan yara da shanya. Tun da maganar ta fito ake ta ƙus-ƙus, na sani. Wata 'yar'uwa ta tare ni ta ce, kuɗin da za a raba mana mu ƙara jari, shi za a je a binne a ƙasa? Tambayarta tana kan hanya, kuma ita nake so in amsa.

Iyayenmu da ke nan shaida ne, a da kowace unguwa a cikin gari tana da dandalinta. In an yi farin wata 'yan mata su fita gaɗa, samari na langa a gefe, ƙananan yara na 'yar ɓuya, tsofaffi na zaune a ƙofar gida suna ganin kowa. Cikin gida ma akwai tsakar gida mai faɗi, da wuya ka shiga ba ka tarar da itace ko da guda ɗaya ba. Daga 1976 da Bauchi ta zama babban birnin jiha, gari ya yi ta cika yana tumbatsa, ya wuce Wunti, ya kai Yelwa da Fadaman Mada, har ya zarce. Ba wanda ya ƙi ci gaba. Sai dai duk inda aka ga fili sai a kafa shago. Gida kuma in mai shi ya rasu aka zo rabon gado, sai a ja katanga ta tsakiyar tsakar gida, itacen da ya tsaya a hanya a sare shi. Yau da yawa daga cikinmu ciki da falo muke haya, ƙofarmu na kallon ta maƙwabciya, tsakanin ba ya wuce wurin shanya zane biyu. To ina yaro zai yi gudu? Ko dai ya fita titi cikin masu acaɓa da keke, ko ya karɓe miki waya ya kwanta. Kuma mu ne za mu dawo muna faɗa wai yaran yanzu ba su da aiki sai waya.

Ku bi shekara da ni ku gani. Ku ɗauki bazara, Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke doshin digiri 40. Ɗakin kwano da rana ba ya shiguwa, da dare bango na dawo da duk zafin da ya sha, ga wuta ba tabbas. Lokacin ne ma'aikatan lafiya ke ta jan kunnenmu kan sanƙarau, suna cewa kada a cunkushe a ɗaki marar iska. Shawara ce ta gaskiya, amma mai 'ya'ya shida a ɗaki ɗaya ina za ta kai su? Maigida shi da sauƙi, yana da majalisarsa a gindin dogon yaro a bakin titi, yana can har sha ɗayan dare. Ku yi haƙuri iyayen gida, ba suka nake yi ba, ai inuwar ce muke yi muku sha'awa. Mu da muke tsugune gaban tanda muna suyar masa tun asuba, mu ne muka fi kowa buƙatar inuwa, mu ne kuma ba mu da ita.

Damina ta sauka, an samu sanyi, sai wata damuwar ta taso. Dogon hutun makaranta a tsakiyarta yake faɗowa, yara na gida, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini duk sun cika sun zama kududdufai. Can suke zuwa wanka. Babu uwar da ke wurin nan da ba ta taɓa jin labarin yaron da ya tafi kududdufi bai dawo ba. Duka da tsawa ba su hana yaro zuwa, domin ba shi da wani wurin da ya fi can daɗi.

Amma inda nake so masu maganar jari su saurare ni da kyau shi ne kaka. Sana'ar yawancinmu a kan shanya take. Kuɓewa, barkono, zoɓo, ganyen kuka, kauɗar tumatir in lokacinta ya zo, uwa-uba gyaɗa, tunda man gyaɗa da ƙuli-ƙuli su ne ƙashin bayan ƙungiyar nan. Ina muke shanya su? A bakin kwalta, mota ta wuce ta watsa ƙura, akuya ta sa baki, kaza ta tona. Wadda ba ta son fita kuma sai ta baza a ɗan lungun gidanta inda rana ba ta daɗewa, ta kwashe gyaɗa ba ta gama bushewa ba ta zuba a buhu. Gyaɗar da aka adana da danshi tana yin fumfuna, kuma masana sun tabbatar irin wannan fumfuna yana fitar da guba mai cutar da hanta, wadda suya ba ta kashe ta. Mu ne muke sayar wa mutane, mu ne kuma muke ba 'ya'yanmu. In muna da daɓen siminti mai faɗi a cikin katanga, inda rana ke duka tun safe har la'asar, kayanmu za su bushe da tsabta, kuma ko a Muda Lawal ko a Wunti mai saye ya san bambancin barkonon da ya sha ƙura da wanda bai sha ba. Wadda ba mamba ba in tana so ta yi shanya sai ta biya ɗan wani abu. Haka masu suna da walima, maimakon su toshe layi da rumfa su hana mutane wucewa, sai su kama wurin na yini.

Ba zan yaudare ku ba, shekara biyun farko kada wadda ta sa ran ganin riba. Katanga za ta ci kuɗi, ƙofa za ta ci, daɓe zai ci. Abin da nake cewa kawai shi ne ba binne kuɗin za a yi ba.

Hunturu ba sai na daɗe a kansa ba. Wurin shan hantsi ne ga tsofaffinmu, itatuwa kuma suna rage ƙura.

Wata za ta ce ai akwai wuraren wasa a gari, masu lilo da komai. Akwai su, muna kuma zuwa, amma yaushe? Ranar Sallah, bayan an kalli hawa. Ki biya kuɗin keke, ki biya kuɗin ƙofa kan kowane yaro, ki biya na lilo, ga cunkoso, rabin hankalinki na kan kada ƙaramin ya ɓace. Sau biyu ke nan a shekara, sauran kwanakin fa? Mu a jihar nan ma Allah ya yi mana baiwar da wasu ba su da ita. Ga Yankari a Alkaleri, tun 1962 aka buɗe ta ga masu ziyara, mutane na tasowa daga Legas da ƙasashen Turai don su ga giwaye su yi wanka a ruwan Wikki mai ɗumi. Ga Sumu a Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya. Ga kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa nan cikin gari. Wadda ta taɓa kai 'ya'yanta Yankari ta ɗaga hannu mu gani. To kun gani da idonku. Wannan ma ina ba da shawarar mu yi masa adashe na daban, mu ɗauki mota guda mu je da rani, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi ke gangarowa kogin Gaji shan ruwa, an fi ganinsu. Amma Yankari tafiya ce ta sau ɗaya. Abin da yaro ke bukata kullum shi ne wurin da zai je da ƙafa bayan an taso daga Islamiyya, uwarsa kuma ta san inda yake.

Sai abin da ya fi damun mazajenmu, kuma suna da gaskiya: kada mu gyara wuri ya zama matattarar 'yan shaye-shaye da 'yan sara-suka. Kangon da ba mai shi, shi ne suke mamayewa. Namu zai kasance da ƙofa da kwaɗo da maigadi, da fitila mai aiki da hasken rana, a rufe shi da an kira magariba. Kwamiti ya kuma kawo shawarar a ware wasu ranaku daga la'asar na mata da ƙananan yara zalla, katanga ta yi tsawon da na waje ba zai hango ba, don 'yan'uwanmu da ba su cika fita ba su ma su samu zuwa da yardar mazajensu. Ni dai a ganina babban maigadi shi ne iyayenmu tsofaffi. In Inna da Gwaggo suna zaune a kan tabarma suna ɓarar gyaɗa, ba yaron da zai zo ya kunna wani abu a gabansu.

Game da itatuwa, mun tattauna sosai. Dogon yaro shi ne na farko, don yana saurin girma, yana jure fari, kuma da bazara yana nan da ganyensa, sai dai a nisanta shi da katanga saboda saiwarsa. Zogale a jere ta jikin bango, mu ci mu sayar. Mangwaro an yi gardama a kansa, wasu sun ce jifa da faɗan yara zai jawo mana, ni kuwa ina ganin biyu ba za su gagare mu ba. Tsamiya ba ta sauri, ta jikoki ce, kuma masu tsoron wai iskoki na zama a kanta su kwantar da hankalinsu, kafin ta yi girman da za su so ta mun tsufa. Dashe ba shi ne wahala ba. Ana yin sa a Yuni ko Yuli in ruwa ya zauna, a haƙa rami ya kai gwiwa, a zuba taki. Wahalar tana farawa daga Nuwamba zuwa Afrilu, kusan wata shida ba ruwan sama, ga awaki. Yawancin itatuwan da ake dasawa a yi biki a ɗauki hoto, a nan suke mutuwa. Shi ya sa muka ce kowane itace a ba shi uwa, mamba guda da sunanta a rubuce, ita za ta kewaye shi, ita za ta shayar da shi rani biyu. Ba sai an sayi jarka ba, ruwan alwala da ruwan wankin shinkafar masa sun isa, a dai guji mai sabulu da yawa.

Abu na ƙarshe shi ne takarda. Mai unguwa ubanmu ne, da shi za mu fara, ba za mu taka ko'ina ba sai da saninsa. Amma tun dokar filaye ta 1978, ƙasar cikin birni a hannun gwamna take, don haka alkawarin baki ba ya riƙe fili. Ko aro aka ba mu ko saye muka yi, sai an rubuta, kuma da sunan ƙungiya, tunda muna da rajista. Ba da sunan shugaba ba, ba da sunana ba, ba kuma da sunan mijin kowa ba, Allah ya ba ku haƙuri. Kada mu raini itace shekara biyar ya yi inuwa, rana ɗaya a wayi gari an sauke bulo a gindinsa.

Ƙuri'a a ɓoye za a yi ta, kowa ta zaɓi abin da ya kwanta mata, ba mai ganin laifin wata. In shawarar ta wuce, muna neman mata biyar da za su bi maganar fili da takarda, masu so su ba ma'aji sunansu yau kafin a tashi, domin in Yuni ya zo ba mu da takarda a hannu, dashe sai wata shekarar.