Abin da masu bincike ba su gani ba

 

Kun san a Nijar, tun dokar kare muhalli ta 1998, kafin a yi babban aiki kamar madatsar ruwa, ko hanya, ko bututun man fetur irin wanda ya tashi daga Agadem ya nufi Benin, sai an aiko masu bincike su rubuta ɓarnar da aikin zai jawo. Dokar tana da kyau. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin zuwansu.

Sau da yawa da rani suke zuwa, don lokacin ne mota ke shiga daji. Su tarar tabki ya ƙafe, ciyawa ta ƙare, mu kuma mun yi kudu da dabbobi. Manomi yana da gona da shinge, ana ganinsa. Mu sawunmu iska ta share. Sai takarda ta fito babu burtali, babu mashaya, babu makiyayi. Wanda ke biro a Yamai in ya karanta, sai ya ɗauka daji ne da babu mai shi, ya sa hannu.

To, "ba mu gani ba" daban, "babu" daban. Mai binciken kirki yakan rubuta a fili watan da ya zo, da inda bai taka ba, da waɗanda bai samu ba. In an kira taron jin ra'ayi, wannan za mu fara tambaya. In sun ce ba su zo da damina ba, mu nemi su dawo. In sun ce lokaci ya ƙure, to a ɗauka burtalin yana nan, a bar mana mashigi, har sai an tabbatar. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙinmu ne, ba alfarma ba.

Amma mu ma da laifinmu. Abin da muka sani yana cikin kawunan dattawa, takarda kuwa ba ta jin magana. Kowane ardo ya zauna da tsofaffinsa su lissafa rijiyoyi, tabkuna, wuraren kanwa da masaukai, da watan da ake sauka a kowane. Fatake, ku ƙara da hanyoyin kora zuwa kasuwa. Mu kai wa kofo, wato hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, a rubuta, mu riƙe kofi ɗaya a wurinmu. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofishin ƙungiya ranar kasuwa.