Shin Masana Kimiyya Sun Gano Maganin Tsufa?

Ya ku 'yan'uwa, maudu'in zamanmu na yau shi ne tsufa, da abin da masu binciken halittar ɗan Adam suka gano game da shi. Wajibi ne mu san haƙiƙanin lamarin, domin a kasuwanni da tashoshin mota, har da intanet, ana tallar magunguna da sunan suna mayar da tsoho yaro, jama'a kuwa suna zuba dukiyarsu.

Da farko, jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kuma suna rabuwa gida biyu domin maye gurbin waɗanda suka mutu. A shekarar 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead, a birnin Filadelfiya ta Amurka, suka nuna cewa ƙwayar jikin mutum da aka rena a ɗakin gwaji tana rabuwa kimanin sau 50 ne, sannan ta tsaya cik.

To, mene ne yake tsayar da ita? A cikin ƙwayar akwai zaruruwan gado guda 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. A bakin kowane zare akwai wani yanki da ake kira telomiya, wanda aikinsa tamkar ƙullin da mai tufka yake yi a bakin igiya ne don kada ta warware. Duk lokacin da ƙwayar ta rabu, sai wannan yanki ya ragu, har ya gajarce matuƙa, rabuwa ta ƙare. A 1984 Elizabeth Blackburn da ɗalibarta Carol Greider suka gano wani sinadari, telomaras, mai sake tsawaita shi. A kan haka ne suka sami lambar yabo ta Nobel a 2009 tare da Jack Szostak.

Mai sauraro zai ce, ashe magani ya samu. A nan ne gizo yake saƙa. Mafi yawan ƙwayoyin ciwon daji da wannan sinadari suke dogara har suke yaɗuwa babu iyaka. Ke nan iyakar da take jawo mana tsufa, ita ce kuma garkuwarmu daga sankara.

Na biyu, ƙwayoyin da suka daina rabuwa ba duka suke mutuwa ba. Wasu sukan zauna a jiki suna fitar da sinadarai masu jawo kumburi ga maƙwabtansu. A 2011 masana a Asibitin Mayo na Amurka suka kawar da irinsu daga jikin ɓeraye, sai aka ga yanar ido da raunin tsoka sun jinkirta zuwa.

Na uku, a 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ta Japan ya yi amfani da ƙwayoyin gado huɗu ya mayar da ƙwayar ɓera wadda ta girma zuwa irin halinta na farkon halitta. A 2020 masana a Jami'ar Harvard suka yi amfani da uku daga cikinsu wajen farfaɗo da ganin tsofaffin ɓeraye.

Ku lura, 'yan'uwa, waɗannan nasarori biyu na ƙarshe a kan ɓeraye aka same su. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana mayar da tsufan ɗan Adam baya. Mafi tsawon rai da takardu suka tabbatar shi ne na Jeanne Calment 'yar Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Saboda haka, kuɗin da za a miƙa wa mai tallar maganin tsufa gara a kashe shi wajen awon hawan jini da ciwon sukari ga iyayenmu, da samar musu da abinci mai gina jiki. Barin taba da yawan tafiya a ƙasa kuwa, amfaninsu ya tabbata a kan mutane, ba a kan ɓeraye kaɗai ba.

Allah Ya ba mu tsufa mai albarka.