Idan Tsoro Ya Tashi Neman Mai Laifi

  Karatunmu na yau yana cikin littafin annabi Ishaya, sura 8, aya 11 zuwa 13. Muna roƙon kowa ya buɗe ya karanta da kansa.

Wajen shekara 734 kafin haihuwar Almasihu, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai za su auka wa ƙasar Yahuza, inda Ahaz yake sarauta. Hankalin mutanen Urushalima ya tashi ƙwarai. Cikin wannan hali ne Ubangiji ya ja kunnen annabinsa, kada ya ari bakin jama'a ya riƙa ganin maƙarƙashiya a cikin kowane abu, kada kuma tsoronsu ya zama nasa. Ku lura fa, haɗarin gaskiya ne, sarakunan nan sun ƙulla da gaske. Duk da haka gargaɗin ya zo, domin zuciyar da tsoro ya kama takan ƙara wa gaskiya abin da babu.

Mu ma mun san wannan hali. Cuta ta ɓullo, ko farashi ya tashi, ko wani babban mutum ya rasu ba zato, kafin rana ta faɗi sai labari ya zaga gari cewa akwai waɗansu a ɓoye da suka shirya abin. Mai ba da labarin ya rage murya, ya ce, ai ruwa ba ya tsami banza. Mu kuwa mu gyaɗa kai. A dā a kasuwa da tasha ake jin irin wannan, yanzu kuwa yana shigowa har ɗakin kwana ta wayar hannu. Tambayarmu a yau ita ce, me ya sa mutane masu hankali, har da masu bi da suka daɗe cikin ikkilisiya, suke saurin gaskata irin waɗannan labarai?

Masanan halayyar ɗan adam sun yi bincike a kan wannan. A shekarar 2017, Karen Douglas da abokan aikinta na Jami'ar Kent a Ingila suka tattara abin da aka gano, suka ce buƙatu uku ne suke jan mutum zuwa ga zargin maƙarƙashiya.

Ta fari, mutum yana so ya san dalili. Zuciya ba ta son a bar ta da tambaya ba amsa. Kuma muna da halin cewa babban abu dole ya kasance da babban dalili. Yana yi mana wuya mu yarda cewa ƙwayar cuta wadda ido ba ya gani za ta iya rufe kasuwanni da majami'u a duniya duka. Sai mu ce a'a, da walakin, goro a miya. Mun sha zama a gidan makoki inda saurayi ya rasu da zazzaɓi, amma kafin a gama zaman makoki an riga an nuna wata tsohuwa da yatsa, wai ita ta kama kurwarsa. Sauro ya yi ƙanƙanta a idonmu da zai ɗauki nauyin irin wannan rashi.

Ta biyu, mutum yana so ya ji cewa yana da abin yi. Bala'in da ba shi da fuska yana sa gwiwa ta yi sanyi, amma maƙiyi mai suna ana iya zaginsa, a guje shi, a kore shi. Shi ya sa irin waɗannan labarai suka fi yaɗuwa a lokacin annoba, da yaƙi, da yunwa.

Ta uku kuwa ita ce mai wuyar faɗi, wato girman kai. Akwai daɗi mutum ya ji cewa shi idonsa a buɗe yake, sauran jama'a kuwa ana jan su kamar tumaki. Akwai daɗi kuma mu ji cewa mu da mutanenmu ba mu da laifi, duk wahalarmu daga waɗancan take. Abin tausayi, masanan nan sun lura cewa labarin bai cika biyan buƙatun da suka jawo mutum gare shi ba. Wanda ya shiga neman kwanciyar rai yakan ƙara jin ba shi da ƙarfi, ya daina yarda da kowa. Kamar mai ƙishi ne da ya sha ruwan gishiri.

'Yan'uwa, wannan ba wasan baki ba ne, rayuka suna tafiya a cikinsa. A shekara ta 64, gobara ta cinye babban sashe na birnin Roma. Tasitus, marubucin tarihin Romawa, ya ce jama'a sun yi ta raɗe-raɗin cewa sarki Nero ne ya sa aka cinna wutar. Domin ya kawar da zargin daga kansa, Nero ya ɗora laifin a kan masu bi, aka kashe su da azaba iri-iri. Kakanninmu cikin bangaskiya sun san zafin a yi maka ƙagen ƙulle-ƙulle.

Amma kada mu tsaya nan, mu faɗi gaskiya duka. A shekarun 1348 da 1349, wata annoba ta ratsa Turai, ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanenta. Labari ya bazu cewa Yahudawa ne suke zuba guba a rijiyoyi. Fafaroma Kilimas na shida ya rubuta ya ce ƙarya ne, tun da Yahudawa ma suna mutuwa da cutar kamar kowa. Ba a saurare shi ba. A watan Fabrairu na 1349, a birnin Sitirasbog, mutanen da suke amsa sunan Kirista suka ƙone ɗaruruwan Yahudawa, alhali cutar ba ta ma iso garin ba tukuna. Sai a 1894 aka gano ƙwayar cutar, daga baya kuma aka gane cewa ƙumar da take jikin ɓeraye ce take yaɗa ta. Waɗanda aka yi wa ƙage a Roma, su ne zuriyarsu cikin bangaskiya suka yi wa wasu ƙage. A zamaninmu ma, a 2020, mutane a Ingila sun cinna wa turakun sadarwa wuta, wai 5G ce take kawo korona, mu kuwa mun ji ana cewa a cikin allurar rigakafi akwai alamar dabbar nan ta littafin Wahayin Yahaya.

Wani zai ce, Fasto, kana nufin ba a ƙulla mugunta a duniya ke nan? Ana ƙullawa mana. Ubangijinmu kansa, a ɓoye aka shirya kama shi, aka biya azurfa talatin. A Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon sanyin da ake kira tunjere ba tare da magani ba, don a ga yadda cutar take cin jiki. A Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wani kamfanin waje ya gwada sabon magani a kan yara wajen 200, 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka da aka ce a 2003 allurar shan inna tana hana haihuwa, iyaye da yawa suka gaskata, aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa 2004. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe wajen ashirin. Tsoron iyayen nan yana da tushe, amma labarin ƙarya ne, yara ne kuma suka biya da ƙafafunsu.

To, yaya za mu rarrabe? Maƙarƙashiya ta gaskiya takan bar sawu: takardu, da shaidu masu suna, da ranar da abin ya faru. Ta haka asirin waɗanda muka ambata ya tonu. Labarin ƙarya kuwa kullum daga bakin "an ce" yake fitowa, kuma ba hujjar da take ƙaryata shi. In ka kawo shaida, a ce ai an saye ka. In babu shaida, a ce ka ga yadda suka iya ɓoyewa. Maganar da kome zai tabbatar da ita, ba abin da zai iya rushe ta, mu yi hattara da ita.

Kafin mu tura saƙo ga ƙungiyar zumuntar mata ko ta matasa, mu tambayi kanmu: wa ya gani da idonsa? Wa zai cutu idan ƙarya ne? Don gaskiya nake so in yarda, ko don labarin ya faɗa wa mutanen da dama ba na ƙauna? Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci ba ta ware wanda ya ce shi turowa aka yi masa ba. Idan kuma ɗan'uwanmu ya riga ya faɗa ciki, kada mu yi masa ba'a, gama dariya takan ƙara ƙulle zuciya. Mu zauna da shi, mu ji abin da yake tsoro, sa'an nan mu bincika tare.

Amsar da aka ba Ishaya ita ce, Ubangiji kaɗai ya isa a ji tsoronsa. Wanda ya san cewa ransa yana hannun Allah yana iya cewa "ban sani ba" ya kuma yi barci. Ba lalle sai ya sami wanda zai ɗora wa laifi ba kafin hankalinsa ya kwanta.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka gafarta mana inda muka ɗauki magana ba bincike, muka ɓata sunan maƙwabtanmu. Ka kwantar da zukatanmu, ka ba mu hikimar gane mugunta inda take da gaske, ka tsare bakinmu daga ƙage. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, Ubangiji ya kiyaye ku.